Godiya ga duk wanda ya taya mu cigiyar wuƙa mai zobe

Assalamu alaikum. Cigiyar da muka bayar tun bayan ƙaramar Sallah ta zo ƙarshe. Wuƙar ta samu, an gyara ta, kuma tun ranar Juma'ar da ta wuce tana hannun dattijon da ya nema. Mu masu wasa wuƙa da gyaranta a nan cikin garin Bauchi muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa mana hannu: wanda ya kawo tasa aka duba, da wanda ya yi tattaki, da wanda ya bi mu da addu'a. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Ga wanda cigiyar ba ta iske shi ba, Baba, wato dattijon da ya nema, bai san sunan wuƙar ba. Abu huɗu ya riƙe tun yana yaro. Tana naɗewa ta shige cikin ƙotarta. Akwai zobe a bayanta da ake ja kafin ta rufu. In ana buɗe ta tana ƙara, ƙaras-ƙaras-ƙaras. A jikin ƙotar kuma akwai jinjirin wata da taurari. Da ita mahaifinsa yake feƙe alƙalamin kara, da ita yake fiɗar ragon layya, kuma ba a barin yaro ya taɓa ta. Baba ya haura saba'in yanzu, yana son ya sake riƙe irinta.

Godiyarmu ta farko ga dattawan 'yan koli na Kasuwar Wunti. Su suka fara kama sunan tun kafin mu gama kwatance: Okapi. An fara ƙera ta a 1902 a Solingen, garin maƙeran wuƙa na Jamus, don a riƙa kawowa Afirka. Sunan na wata dabba ce ta dajin Kongo, 'yar uwar raƙumin dawa, mai zane a ƙafafu kamar na jakin dawa. Hotonta ne a jikin ruwan wuƙar, wanda mutane da yawa ke ɗauka barewa ce. A 1988 aka sayar da sunan da injinan, aikin ya koma Afirka ta Kudu, inda har yau ake yin ta. Ke nan Okapi ba ta ɓace ba. Ta Jamus ce aka daina, kuma bisa shekarun Baba, ita ce ya gani a hannun mahaifinsa. Wannan bambanci shi ya sa neman ya ɗauki wata huɗu. Sabuwar ta Afirka ta Kudu wuƙar aiki ce mai kyau, ba mu kushe ta ba, sai dai ba ita aka aike mu nema ba.

Sai mahauta. Allah Ya yi wa sana'arku albarka. Ku kuka buɗe tsofaffin akwatuna kuka fito da abin da iyayenku suka bari, wasu a naɗe cikin tsumma, wasu tsatsa ta riga ta haɗe bakinsu da ƙota. Direbobin hanyar Azare da na Darazo da na Gombe sun ɗauko mana saƙo ba su karɓi ko kwabo ba. 'Yan gwangwan su ma sun riƙa ware mana duk wata wuƙa mai zobe da ta faɗo cikin tarin ƙarfe kafin a ɗora a sikeli. Wuƙa goma sha ɗaya ta iso teburinmu. Biyu ne kawai na Jamus.

Tunda an yi ta tambayarmu yadda muka tantance, ga shi dalla-dalla, don wanda zai nemi tasa kada ya sha wahalar da ba dole ba.

A fara da tambarin da ke jikin ruwan. Ta Jamus an buga mata "Made in Germany", ta Afirka ta Kudu kuma "Made in South Africa". Tambarin gaske yana shiga cikin ƙarfen, farce yana jin sa. In rubutun a saman ƙarfe yake kwance kamar fenti, a yi hattara, mun ga jabu uku masu irin wannan. In tsatsa ta rufe wurin, kada a kankare da wata wuƙar. A ɗiga kalanzir, a bar shi ya kwana, a goge da tsumma, sannan a karkata ruwan a hasken rana. Rubutun da ba a gani kai tsaye yakan fito a karkace.

Sai makullin, wanda shi ne ran wuƙar. A bayan ƙota akwai doguwar sifirin ta ƙarfe a waje, an kafe ta da ƙusa, zoben yana maƙale a kanta ta wajen ruwa. Gindin ruwan yana da haƙora, su ne ke bugun sifirin su ba da ƙarar da Baba ya tuna. A ƙarshen haƙoran akwai ɗan ƙaho da ke faɗawa cikin rami a jikin sifirin idan an gama buɗewa, daga nan ruwan ba zai koma ba sai an ja zobe. Babbar, mai lamba 907E, tsawon ruwanta ya kai kusan inci 4. Akwai kuma ƙananan Okapi marasa zobe da makulli, su ma na gaske ne, don haka rashin zobe ba shi ne shaidar jabu ba. Ƙotar katako ce guda ɗaya da aka tsaga, watan da taurarin kuma ƙarfe ne da aka dasa a cikin katakon.

Mutane da dama sun ce mana a gwada da mayen ƙarfe. Wannan gwaji ba ya raba gardama, domin ƙarfen wuƙa marar tsatsa shi ma maye yana kama shi. Abin da ke nuna baƙin ƙarfe irin na da shi ne launi: a yanka albasa ko lemon tsami a bar ruwansa a jikin wuƙar minti goma, ƙarfen zai yi duhu-duhu. Wannan duhun ba lahani ba ne, har ma yana rage kamun jar tsatsa, saboda haka tsohuwar wuƙa mai launin toka a bar ta da launinta.

Godiya ta musamman ga dattijon maƙerin da ya karɓi aikin gyara. Cikin biyun na Jamus, ɗaya ba ta gyaruwa. An taɓa kai ta injin wasa, bakin ya yi shuɗi, tambarin ya tafi rabi. Wannan shi ne abin da ya fi kashe tsofaffin wuƙaƙe, kuma yana yi mana ciwo duk lokacin da muka gani. Bakin wuƙa siriri ne, cikin daƙiƙa kaɗan yake ɗaukar zafi a kan inji. Da zarar ya yi ruwan ɗorawa ko shuɗi, taurin da aka ba shi a masana'anta ya saki, ko an wasa shi yau gobe ya dakushe. Don Allah tsohuwar wuƙa a kai ta dutse, da ruwa, da hannu.

Ta biyun ita ce rabon Baba. Matsalarta uku: tsatsa, girgiɗi, da tsagewar ƙota. Tsatsar an bi ta da kalanzir kwana biyu, sannan samfefa mai lamba 400, sai mai 600, ana ja daga gindi zuwa tsini, an kauce wa tambari. Girgiɗin daga ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta yake. Maƙerin ya zura reza tsakanin ruwa da katako, ya ɗora kan ƙusar a kan uwar maƙera, ya riƙa bugu kaɗan-kaɗan da ƙaramar guduma yana gwadawa bayan kowane bugu uku, sannan ya zare rezar. Amfanin rezar shi ne ta bar 'yar sarari. Wanda ya buga ba tare da ita ba, ko dai wuƙar ta ƙi buɗewa, ko katakon ya dare. Tsagar ƙotar aikin hunturu ne, katako ya bushe ya ja jiki. An zuba gam a tsagar, an ɗaure da zare kwana ɗaya, bayan ya kama aka shafe ƙotar da man kaɗe.

Sifirin ba a taɓa ta da wuta ba, kuma kada kowa ya taɓa tasa. In ta sha wuta ta daina komawa mazauninta. Idan makulli yana zamewa, yawanci datti ne ya cika ramin, ko ƙahon ya cinye ya yi santsi. A fara da wanke ramin da tsohon burushi. In ƙahon ne, magagari ƙarami ya isa, ja biyu ko uku don a daidaita fuskarsa. Wuƙar da ƙahonta ya ƙare gaba ɗaya a ajiye ta don tarihi, kada a yi fiɗa da ita, za ta rufe a kan yatsa.

Washin an yi shi a dutse mai laushi, an ɗaga bayan ruwan kamar digiri 20 a kowane gefe, har sai da ɗan gashin ƙarfe ya fito a ɗaya gefen, aka juya, aka gama a kan fata. Baduku maƙwabcinmu shi ya ba da fatar, ya kuma ɗinka mata 'yar jaka kyauta. Mun gode, Malam. A mahaɗa ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya wadatar. Man gyaɗa a wurin nan daskarewa yake yi ya kama ƙura. Bayan yankan nama a wanke, a goge ta bushe sarai kafin a naɗe, domin jini da gishiri su ne abincin tsatsa. Wajen rufewa kuma, a ja zobe, a tabbata yatsu sun bar bakin tsaga, sannan a tura ruwan daga bayansa.

Matasan da suka yi ta tambayar inda za su samu tasu, muna roƙonku da girman Allah, wannan wuƙar gida ce da gona da mahauta. Garin nan ya ga abin da sara-suka ta jawo. Kada a sa ta a aljihu a tafi wurin biki ko taron siyasa.

Wanda ya sallama wa Baba wuƙar ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce ta kakansa ce, a yi wa kakan addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, shi kuma Allah Ya ba shi abin da ya fi ta. Sauran wuƙaƙe goma duk an wanke su an shafa musu mai. Na cikin gari masu su su zo su karɓa, na Azare da Darazo da Gombe za mu mayar ta hannun direbobin da suka kawo kafin ƙarshen mako. Har yanzu muna neman sifirin da zobe na babbar Okapi, domin biyu daga cikin waɗanda aka kawo nasu ya karye. Wanda ke da matacciya a gida kada ya ba da ita a awo, ya kawo mana mu cire.