Mujiyoyi Biyu a Rufin Sitonmu

Tsohon siton da muke zuba buhunan shinkafa da gero a ƙauyenmu, can wajen Kwalkwalawa, yana da wata kafa tsakanin kwano da silin inda katako ya ruɓe. Nan mujiyoyi biyu suka tare bana, bayan kaka, daidai lokacin da hunturu ya fara kaɗawa. Irin farar mujiyar nan ce mai faffaɗar fuska, bayanta ruwan ƙasa da ɗige-ɗige, wadda kukanta wata doguwar ƙara ce mai tsaga dare. Ƙarar ce ta tona musu asiri.

Da na kafa tsani daga cikin siton na leƙa ta inda silin ya ɓalle, ban ga sheƙa ba. Ko tsinke ɗaya ba su kawo ba, kuma haka ɗabi'arsu take. Mujiya takan haɗiye ɓera ɗungurungum, naman ya narke a ciki, gashi da ƙashi kuma su dunƙule ta amayo su. Waɗannan dunƙulen macen ke farfasawa ta baje, a kansu take yin ƙwai. Wurin na da wari, babu batun ɓoye wannan. Ƙwai biyar na gani, farare tas, ba su kai na kaza girma ba.

Wanda ya saba da kiwon kaji zai ɗauka ya san kwanci. Kaza tana tara ƙwanta sai sun cika sannan ta kwanta, bayan kwana 21 su fashe kusan tare. Mujiya kuwa tana yin ƙwai ɗaya duk bayan kwana 2 ko 3, kuma tun daga na farko take kwanciya a kai. Kowane ƙwai sai ya yi kwana 30 da 'yan kai kafin ya ƙyanƙyashe. Idan ka haɗa lissafin, ta fi wata guda zaune a wannan ɗan lungu mai duhu, ƙarƙashin kwanon da rana ke dafawa, dare kuma ya sanyaya shi.

Namijin ba ya taɓa hawa kan ƙwan. Ita kaɗai ce gashin cikinta ke zubewa a wannan lokaci, fatar ta fito fili, domin ɗumin jikinta ya riƙa taɓa ƙwan kai tsaye. Can ba a rasa ba sai ta ɗaga, ta sa baki ta jujjuya su a hankali, ta gyara zama, farata a tanƙwashe don kada ta huda ko ɗaya. Fitarta ba ta wuce ta 'yan mintoci da dare, ta yi kashi, ta miƙe fukafukai, ta koma.

To wa ke ciyar da ita? Nan ne namijin ya burge ni. Da rana ba ka ganinsa, yana maƙale a wani kogon kuka da ke bayan gida, don in ya kuskura ya fito hankaki da ƙananan tsuntsaye za su yi masa ca. Ana sallame magariba sai ka ga wani farin abu ya gilma ya nufi fadama, ba ko motsin fiffike. Gefen gashin fukafukansa na da laushi da ƴan tsage-tsage masu kashe ƙarar iska, kunnuwansa kuma ɗaya ya ɗara ɗaya tudu, shi ya sa yake iya gane daidai inda ɓera ke motsi a cikin ciyawa ko da babu farin wata. In ya daɗe, za ka ji macen daga ciki tana wani huci mai kaushi, tana maimaitawa. Kiran abinci ke nan. Ya dawo da ɓera a baki, ya miƙa mata, sau da yawa ma ya taka ta nan take duk da tana kan ƙwai, sannan ya sake fita. Daren da farauta ta yi kyau yakan kawo fiye da cinta, sai ka tarar da ɓeraye da jaɓa a jibge gefenta. Ina jin ba banza suka zaɓi bayan kaka ba: hatsi na ƙasa, ɓeraye sun yi yawa.

Kawu bai ji daɗin zancen ba ko kaɗan. Ya same ni gindin tsani ya ce, "Kai, mi kaka yi da wagga tsuntsuwa? Ka hidda ta. Ka san akwai ɗiya ƙanana gidan ga." Na san abin da yake nufi, don da shi muka tashi: mujiya ta yi kuka a kan gida, yaro zai kwanta ciwo ko a yi rashi. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ai ku kuka karantar da mu hadisin da ya kore camfi da tsuntsaye, har malamai suka ce da mujiya a ciki." Ya yi shiru, amma ban ga alamar ya sauko ba. Abin da ya sauko da shi daban ne. Na kwaso dunƙulen aman da suka faɗo ƙasa, na murje su a gabansa. Kowanne da ƙoƙon kai da haƙora a ciki. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Wanga duk kusu ne?" Mutumin da ɓeraye suka huda wa buhuna bara ba ya buƙatar dogon wa'azi.

Na rage hawa tsanin, domin mujiya mai kwanci in aka matsa mata tana iya barin ƙwan gaba ɗaya, musamman a farko-farko. Kunne ya wadatar. Yanzu hucin da ke fitowa daga rufin ya ƙaru, akwai ƙananan muryoyi a ciki. Tunda ba rana ɗaya aka yi ƙwan ba, ba rana ɗaya suka fashe ba: babban zai girmi autan da fiye da mako guda, kuma in abinci ya yi ƙaranci autan ne ke fara mutuwa. Sai sun yi wajen wata biyu kafin su tashi.

Abu ɗaya na roƙa a gida, kuma Kawu da kansa ya tsaya a kai: kada kowa ya zuba maganin ɓera a siton nan. Ɓeran da ya ci guba ba ya mutuwa nan take, yakan fito yana tangaɗi, shi ne kuma mafi sauƙin kamu ga namijin, wanda zai ɗauke shi ya kai wa macen da 'ya'yanta. An koma ɗana tarko.