Ranar da Baba ya ce kalanguna ba ya magana

Shekara huɗu na yi ina haɗa kiɗa da linzamin kwamfuta kaɗai. In buɗe manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, in yi ta cike 'yan akwatuna a layi, wannan na ganga, wannan na tafi, har kiɗa ya tashi. Mawaƙa suna hawa, ana biyana. Amma in na koma gida na saurara da dare, sai in ji kamar hannun ɗan Adam bai taɓa shi ba. Wannan ya daɗe yana damuna, shi ya sa da wani abokina ya tashi sayar da na'urarsa ta buga kiɗa da yatsu, Maschine Mikro MK3, na tattara ɗan abin da ke hannuna na karɓa.

Kamfanin Native Instruments na Jamus ne ke yin ta, tun 2009 suka fara fitar da Maschine, wannan ƙaramar kuma ta fito a 2018. Ita kanta babu sauti a cikinta. Maɓallan roba ne guda 16, huɗu-huɗu a jere, da wayar USB, sautin duka yana cikin manhajar da ke kwamfuta. Tsarin maɓallan ya samo asali daga na'urar kiɗa ta MPC60 da kamfanin Akai suka yi tare da Roger Linn a 1988. Abin da ya sa na so ta shi ne kowane maɓalli yana jin nauyin yatsa: ka taɓa a hankali ya yi raɗa, ka doka ya amsa da ƙarfi.

Makon farko na sha wuya. In buga, sai sautin ya biyo baya kaɗan, kamar amsa-kuwwa, hannuna ya rikice. Ashe laifin saitina ne. Na bar ma'ajiyar sauti, wato yawan gutsattsarin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, a kan 1024, wanda a gudun gutsattsari 44,100 a sakan yake jawo jinkirin kusan milisakan 23, ban da wanda katin sautin kwamfutar ke ƙarawa. Na sayi ƙaramin katin sauti na waje mai direban ASIO, manhajar da ke rage jinkirin sauti, na sauke lambar zuwa 128, jinkirin ya koma wajen milisakan 3. A ranar na fara jin ni nake bugawa.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi shekaru yana yi wa mahauta kiɗan kalangu. Na roƙe shi ya zo situdiyo, ya zauna kan tabarma ya buga min kusan minti ashirin. Da ya tafi na yayyanka abin da na naɗa gunduwa-gunduwa, bugu ɗaya a maɓalli ɗaya, na sake jera su da yatsuna. Sai na danne Shift na taɓa maɓalli na biyar, wanda ke jawo kowane bugu ya zauna daidai kan layi. Allon ya yi kyau ƙwarai, komai a miƙe. Washegari na kira shi da murna na kunna masa.

Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Sannan ya ce, "Ɗana, muryar tawa ce, amma ba ya magana."

Na ce, "Baba, me ya ragu?" Bai amsa da baki ba. Ya rataya kalangun, ya buga sau ɗaya, ya matse tsarkiyar da hammata, sautin ya tashi sama ya dawo kamar mai tambaya. A nan na gane ɓarnar da na yi. Maganar kalangu tana cikin wutsiyar bugun, inda fata ke ɗaurewa ta saki tana bin hawa da saukar muryar Hausa, ni kuwa wutsiyar nan na datse don yankan ya yi tsaf. Ga shi kuma kiɗansa uku-uku yake tafiya, ni na tilasta shi cikin layin da aka raba huɗu-huɗu. Na uku, na bar maɓallin Fixed Vel a kunne tun ranar da nake gwaji, wanda ke mayar da kowane bugu ƙarfi ɗaya. Duk lallausan bugun da yake sakawa tsakanin manya sun zama tsawa.

Na rushe aikin na sake daga tushe. Yankan ya koma jimla-jimla, wani maɓallin yana ɗauke da bugu uku da jan tsarkiyarsu gaba ɗaya. Na haɗa maɓallan kalangun a rukunin da sabon bugu ke kashe na baya, tunda fata ɗaya ba ta yin murya biyu a lokaci guda. Layin na mayar da shi uku-uku. Babbar ganga kaɗai na yarda na gyara, ita ma da maɓalli na shida, mai jawo bugu rabin hanya ya bar sauran yadda hannu ya ajiye shi. Kalangun kuwa ban taɓa ba. In ya karkace, in goge in sake bugawa, wani layin sai da na maimaita fiye da sau talatin. Daga baya ne na san cewa J Dilla, makaɗin Detroit da ya rasu a 2006, ya shahara da kauce wa wannan gyaran a kan MPC3000 ɗinsa, na'urar da yanzu take gidan tarihi a Washington. Hakan ya ƙara min ƙarfin gwiwa sosai.

Sati biyu aikin ya ci, har da daren da aka ɗauke wuta batirin kwamfutar ya mutu da aikin awa uku ban adana ba. Tun daga nan duk layin da ya zauna sai na adana kafin in ɗora wani.

Da Baba ya dawo na kunna masa, kafin a yi nisa na ga yatsunsa suna bin kiɗan a kan gwiwarsa. Can wajen tsakiya ya ɗaga hannu, na tsayar. Ya ce akwai amsar da ta yi saurin shigowa. Na tura masa na'urar gabansa, na nuna masa maɓallin. Ya gwada shi sau biyu da ɗan ali, ya ce in mayar da kiɗan baya, ya jira wurin ya zo, ya ajiye bugun da kansa. Shi ne a cikin waƙar har yau.