Abin da ɗaliban jami'a suka yi a zauren unguwarmu

Daga ranar 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aikin da ya ɗauki wata takwas cur, kuma duk tsawon wannan lokaci ɗaliban jami'o'in gwamnati suna zaune a gida cikin damuwa da rashin sanin ranar komawa. Na rubuta wannan ne domin in ba da labarin wani abin alheri da na gani da idona a unguwarmu a Zariya cikin waɗannan watanni, wanda har yau bai bar zuciyata ba.

Wasu samari da 'yan mata 'yan jami'a, waɗanda ba su wuce goma ba, suka haɗu suka tafi gidan mai unguwa, suka durƙusa suka ce, "Ranka ya daɗe, muna neman izini mu riƙa koyar da ƙannenmu karatu bayan la'asar." Dattijon ya sa musu albarka, sannan ya nema musu wani babban zaure da ba a amfani da shi. Da karo-karo suka sayi alli da littattafan rubutu, wani kafinta ya ba su katako suka shafa masa baƙin fenti ya zama allo, iyaye mata kuma suka aiko da tabarmi.

A makon farko suka gano abin da ya tayar musu da hankali, wato akwai yaran da suke aji biyar na firamare amma ba sa iya haɗa baƙi da wasali su karanta kalma mai gaɓa biyu. Na taɓa leƙawa na tarar da wata ɗaliba mai karatun ilimin sinadarai ta ajiye darasin lissafin da ta shirya, ta zauna kan tabarma kusa da wata yarinya mai tallar gyaɗa, ta riƙe hannunta tana bi da shi kan harufa ɗaya bayan ɗaya, farantin gyaɗar yana ajiye a gefensu. Ranar da yarinyar ta rubuta sunanta ba tare da an riƙe mata hannu ba, sai ta ɗaga littafin sama tana cewa, "Yaya, duba, ni na rubuta!" Wanda ya ga fuskar ɗalibar nan a wannan lokaci ba zai ƙara tambayar amfanin aikin sa kai ba.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wajenmu. Kakanninmu sun san aikin gayya, inda matasan gari ke taruwa su nome gonar wanda ya gaza ko su gyara hanyar da ruwa ya cinye, kuma a shekarun 1950 an yi gangamin yaƙi da jahilci a Arewa, inda waɗanda suka iya karatu suka koyar da manyan da ba su iya ba. Ita ma hukumar yi wa ƙasa hidima ta NYSC, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ta ware wa masu hidima rana ɗaya a mako domin aikin raya al'umma. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, me zai sa matashi ya jira sai ya gama digiri an tura shi wata jiha mai nisa kafin ya fara yi wa jama'a aiki, alhali makarantar firamaren da ta yaye shi tana bayan gidansu, kuma ba ta da isassun malamai?

Haka kuma akwai hakkin maƙwabtan jami'a. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, mutanen Samaru da Bomo da sauran unguwannin da ke kewaye suke ba ɗalibai hayar ɗakuna, suke dafa musu abinci, suke ɗaukar su a babur, amma sau da yawa ɗalibi zai yi shekara huɗu a wurin bai san sunan mai unguwa ba. Ƙungiyoyin ɗalibai kan kai ziyara gidan marayu ko asibiti da katan-katan na taliya da sabulu sau ɗaya a shekara, kuma ban raina wannan ba ko kaɗan, sai dai a ganina abin da ake maimaitawa kowane mako ya fi tasiri, ko da awa biyu ne na koyarwa, ko awon hawan jini ga tsofaffi a ƙarƙashin kulawar likita, ko yashe magudanan ruwa kafin damina ta kankama.

Da aka janye yajin aikin, ɗaliban sun koma makaranta, amma kafin su tafi sun miƙa allon da rajistar yaran ga wasu matasa biyu da suka gama sakandare suna jiran sakamakon jarrabawar JAMB. A duk lokacin hutu kuwa, idan na bi ta ƙofar zauren bayan la'asar, nakan ji muryar ɗaya daga cikinsu yana biya wa yara karatu, suna amsawa gaba ɗaya.