Kayan kama iskar karbon, a zo a gwada su a zafin Damagaram

Jama'a maganar nan ta kama iskar karbon tana raina sosai, balle da aka ba Omar Yaghi da Susumu Kitagawa da Richard Robson kyautar Nobel a 2025 saboda wani abu da ake ce ma MOF. Gari ne kamar hoda, amma cikinsa duk ramuka ne ƙanana da ido bai gani, giram ɗaya tak in da za a shimfiɗa bangon ramukansa sai ya rufe filin ƙwallo. Karbon ya shiga ya maƙale, a ɗumama garin ya sake shi, a tara, a maida garin bakin aiki.

Wahalar ita ce karbon ɗin da ke cikin iskar da muke shaƙa kaɗan ne ƙwarai, wajen 420 cikin miliyan, shi ya sa ya fi sauƙi a tare shi a bakin bututun hayaƙin izin, wato masana'anta, kamar tashar wuta mai ƙona gawayin ƙasa inda yake kai kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Tsohuwar dabara ruwan wani sinadari ne da ake ce ma amin, hayaƙi ya ratsa ta cikinsa ya riƙe karbon, sannan a dafa shi wajen digiri 120 kafin ya saki, kuma dahuwar nan ita ke cinye wuta da kuɗi. A Sleipner, wani wurin haƙar gas na Norway, tun 1996 suke cire karbon daga gas ɗin da wannan dabarar suna tura shi ƙarƙashin teku.

Masu zuƙo shi kai tsaye daga sarari kuma akwai kamfanin Climeworks a Aisland, injinsu Orca na 2021 an gina shi don tan 4,000 a shekara, Mammoth na 2024 tan 36,000, alhali duniya na fitar da wajen tan biliyan 37 duk shekara. To su can suna da sanyi, suna da zafin ƙarƙashin ƙasa da ke ba su makamashi, ga ruwa a wadace da suke narkar da karbon ɗin ciki su tura cikin baƙin dutse ya zama dutse cikin shekara biyu haka.

Mu fa? Nan ne abin ke damuna wallahi. Ba yawan abin da garin MOF ɗin ya kama ranar farko ke nuna ingancinsa ba, sau nawa zai kama ya saki kafin ya mutu, ya yake yi da laima, ya yake yi da zafi, don yawancin kayan nan in zafi ya ƙaru riƙonsu raguwa yake, amin kuma iska da zafi na lalata shi a hankali. Kowa ya san Afrilu da Mayu a Damagaram, digiri 40 da wani abu inuwa ma ba ta ceto, ga ƙurar hunturu da za ka goge fanon sola da safe kafin la'asar ka rubuta sunanka da yatsa a kai. Injin da aikinsa zuƙar iska dare da rana me zai zama a wannan ƙurar? Ruwa kuma ba sai na faɗa ba, garin da ake bin ƴan garuwa.

Akwai wani nau'in kayan da wani masani Klaus Lackner ya yi aiki kai a Arizona ta Amurka, yana kama karbon in ya bushe ya sake shi in an jiƙa, bushewar iskarmu ta dace da shi amma ruwan jiƙawar fa. A In Salah ta Aljeriya ma an tura karbon ƙarƙashin Sahara daga 2004 aka tsayar a 2011 don fargabar kada dutsen da ke rufe da shi ya tsage.

Ni dai abin da nake so, tunda muna da matatar mai ta SORAZ da hayaƙinta, muna da jami'ar André Salifou da yara masu kai, a kawo samfurin kayan nan ko cikin ƴan kwalabe ne a aje su nan shekara guda cur, bazara da damina da ɗari, ɗalibanmu su riƙa aunawa suna rubutawa da sunansu a kan sakamakon.