Kwanan daji da dawaki a Dakota ta Kudu

A Amurka doki ma ba ya tsallaka iyakar jiha sai da takardar likita. Wannan ne abu na farko da na koya da maƙwabcin ƙanina a Minesota, wani dattijo mai gyaran famfo, ya ce in ina so in bi shi mu kwana a daji da dawakinsa biyu. Kafin mu tashi sai da likitan dabbobi ya ɗebi jininsu ya yi gwajin da suke kira Coggins, na wata cutar jini da ƙudajen doki ke yaɗawa, sannan ya rubuto shaidar lafiya. Dattijon ya haɗa takardun da na motarsa a jaka ɗaya. Ni kuwa ina tuna yadda ake loda dawaki a mota daga Kano zuwa Zariya ranar hawa, ba mai tambayar ko sunan doki.

Hanyar ba ta da labari. Gonakin masara, sai fili, sai kogin Misuri, sai kuma fili, a-kori-kura tana jan akwatin dawaki a baya. Da la'asar sakaliya muka shiga duwatsun Black Hills a jihar Dakota ta Kudu, muka biya kuɗin shiga gandun dajin Custer, wanda gwamnatin jihar ke riƙe da shi, faɗinsa eka dubu 71.

Zangon masu dawaki yana bakin wani rafi, French Creek. Kowa da filinsa mai lamba, da teburi, da murhun ƙarfe, ga kuma shingayen ƙarfe da ake zuba dawaki a ciki, ba turke ba dabaibayi. Dattijon ya ce tun bara ya kama wurin ta intanet, don a wannan gandun ana buɗe rajista shekara guda kafin rana, kuma na ƙarshen bazara nan da nan suke ƙarewa. Mutum ya shekara yana jiran ya kwanta a ƙasa, kuma ya biya! Na buga kuɗin dare ɗaya zuwa naira, sai na mayar da wayar aljihu.

Abin da ya fi ba ni haushi ciyawa ce. Ba a yarda ka shigo da ciyawar gidanka ba, sai wadda aka duba aka tabbatar ba ta ɗauke da irin muguwar ciyawa, kuma tana da alamarta a jikin ɗauri. Tsadarta ta wuce ta gida nesa ba kusa ba. Itacen girki ma haka: ba a shigo da na wata jiha, saboda wani ƙwaro da ke cinye bishiyoyi, dole ka saya a nan. Na yi ta mita, dattijon ya ce irin ciyawa ɗaya in ya bi kashin doki ya faɗi a bakin rafi, bayan 'yan shekaru ya kore abincin namun dajin. Hujja ce, na yarda, amma har yanzu ina ganin mai sayarwar ya fi kowa son wannan doka. Kashin dokin kuma kai za ka kwashe da shebur da baro ka kai inda aka ware. Taki mai kyau, wanda a garinmu sai ka yi wa ɗan barga ihsani kafin ka samu buhu, ga shi nan tuli ba mai kallonsa.

Masu dawakin su suka ɗaure mini kai. A wurinmu doki na sarauta ne da masu hannu da shuni, ana ganinsa da kwalliya ranar sallah. A nan direban babbar mota ne, malamar firamare ce da ta yi ritaya, kuma mata sun fi maza yawa. Wata tsohuwa mai jikoki ita ke juya motarta da akwatin a baya, ta sauke goɗiyarta, ta ɗaura sirdi ita kaɗai. Goɗiya suke hawa da dandaƙaƙƙen doki. Ingarma ban ga ko ɗaya ba. Da na nuna musu hoton hawan daushe a waya suka taru a kaina, suna tambayar yadda ingarmu da yawa haka ke tsayawa wuri ɗaya ba faɗa.

Wannan tsohuwar ce ta riƙe ni kamar ɗan cikinta. Daren farko ta kawo mana wake da nama, na tambaya, ashe na alade ne, na ba ta haƙuri. Ba ta ce komai ba. Washegari ta tuƙa har cikin gari ta sayo kifi da sabuwar tukunya, wai don kada zuciyata ta yi ƙyanƙyami. Na ce, "Mama, wannan ɗawainiya ta yi yawa." Ta ce in ci kawai. Na ba ta yajin da matar ƙanina ta daka mini, ta ɗanɗana, ta sha ruwa kofi biyu, ta kuma ce in bar mata sauran. Da ta ga ina alwala da asuba cikin sanyin da ke tsaga yatsa, kullum sai in tarar da ruwan ɗumi a buta bakin tantina.

A kan doki muka gamu da ɓaunayen Amurka. Gandun na da kusan 1,300, jikokin guda 36 da aka sayo a 1914. Muna fitowa daga cikin bishiyoyi sai ga wani namiji kwance a tsakiyar turba, ƙato, da tozo da gemu. Dattijon ya ɗaga hannu, muka yi kwana mai nisa ta cikin duwatsu. Ya ce kada nauyinsa ya ruɗe ni, in ya taso ba ka tsere masa da ƙafa. Juma'ar ƙarshe ta Satumba ake koro su duka da dawaki da motoci, a yi musu allura, a ware waɗanda za a yi gwanjonsu a Nuwamba don kada su fi ƙarfin kiwon. Mun riga mun tafi kafin nan, abin ya tsaya mini a rai.

Rafin da muke shayar da dawaki, a cikinsa ne mutanen Custer, hafsan sojan da aka sa wa gandun sunansa, suka ga zinariya a 1874. Shekara shida kafin nan gwamnati ta sa hannu cewa duwatsun na ƙabilar Lakota ne, 'yan asalin yankin. Da zinariya ta bayyana aka ƙwace. A 1980 kotun ƙoli ta ce a biya su diyyar sama da dala miliyan 100, suka ƙi karɓa, ƙasarsu suke so. Dattijon ne ya ba ni labarin muna bakin wuta, kuma ba wanda ya tanka a cikin masu zaman.

Sauran wuraren da mota muka bi. Jakunan gandun sun iya bara, suna cusa kai ta tagar mota, mutane na ba su karas suna ɗaukar hoto. Dutsen Rushmore mai fuskokin shugabanni huɗu bai kai yadda nake zato ba. Na Crazy Horse, jarumin yaƙin Lakota, tun 1948 ake sassaƙa shi ba a gama ba, kuma kuɗin shigarsa ya sa daga bakin titi na kalle shi. A hanyar dawowa tayar akwatin dawakin ta fashe kusa da kogin Misuri, muka canza ta cikin iska mai ƙarfi, muka isa gida bayan isha'i.