Tankin Masai Ya Yi Shiru, Saura Ƙararrawar Ƙofa

Daren jiya ne karo na farko cikin mako uku da na kwana ban ji tankin masai ya ja ruwa da kansa ba. Na farka wajen ƙarfe uku, na kasa kunne, shiru. Wallahi daɗin da na ji sai wanda ya sha irin wannan wahala zai gane. Shi ya sa na zauna rubuta muku tun abin yana da zafinsa, 'yan'uwa masu koyon gyare-gyaren gida, don na san cikinku akwai wanda nasa tankin ke yi masa wannan “sssss” ɗin a yanzu haka.

Ga yadda yake yi: babu wanda ya shiga bayan gida, babu wanda ya taɓa hannun, sai ka ji bawul, wato abin da ke cika tankin da ruwa, ya buɗe na 'yan daƙiƙoƙi ya rufe. Bayan kamar minti ashirin ya sake. Na zuba ruwan kala a tanki, kafin minti 15 ruwan kwano ya rine. To, duk wanda ya fara wannan aiki ya san hukuncin: marfin robar da ke toshe bakin sakin ruwa a ƙasan tanki ba ya zama daidai. Na je na sayo sabo, ashe na inci 3 na ɗauko, bakin nawa kuma inci 2 ne. Na koma na sayo daidai shi. Na goge bakin da yake zama a kai har yatsana ya daina jin gurzar farin dattin nan da ruwa ke bari, na rage sarƙar da ta haɗa marfin da hannun tanki na bar mata ɗan sassauci kamar santimita ɗaya don kada ta riƙa ɗaga marfin, kada kuma ta shige ƙarƙashinsa. Na sake zuba kala. Kwano ya sake rinewa.

A nan raina ya fara ɓaci, kuma a nan na yanke shawarar da ta fi ci mini kuɗi. Na ce tunda marfi sabo ne, to bakin ne ya tsage ko robar da ke ƙarƙashinsa ta mutu, don haka sai an sauke tanki an canza kayan sakin ruwa ɗungurungum. Na sayi saitin, da babbar robar da ke tsakanin tanki da kwano, da kusoshi biyu da woshoshinsu, tunda tsofaffin sun yi tsatsa har sai da na yanke ɗaya da zarto. Idan na haɗa da marfi biyun nan, abin da na kashe ya kusa abin da mai gyaran famfo zai karɓa ya yi aikin ina zaune. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu ma yana yi.

Ranar Asabar guda ta tafi a kai. Da na mayar da tankin sai ga ruwa yana ɗiga daga kusa ta hagu, ɗis, ɗis, a kan tayil. Hannuna ya so ya ƙara murɗa sifana, amma na tsaya, domin tangaram ba ya gargaɗi kafin ya tsage. Na kwance duka biyun, na duba, ashe na sa woshar ƙarfe a cikin tanki kai tsaye ƙarƙashin kan kusar, ita kuma ta roba ba ta kwanta a jikin tangaram yadda ya kamata ba. Na gyara jerin, na riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan, dama rabin juyi, hagu rabin juyi, har tankin ya daina rawa. Ɗigar ta tsaya. Na wanke hannu ina murna.

Ƙarfe goma na dare: sssss.

Na daɗe a zaune bakin gado ban ce komai ba. Kowane abu da ke cikin tankin nan sabo ne, har bawul ɗin cika ruwa, wanda na canza tun farkon wata saboda tsohon ya daina rufewa. To ta ina ruwan yake bi?

Abin da ya cece ni fensir ne. Na bari tanki ya cika, na rufe famfon da ke kawo masa ruwa daga bango, na ja layi a daidai saman ruwan, na je na kwanta. Da ma wannan gwaji ya kamata in fara da shi, domin kala tana gaya maka ruwa yana zuwa kwano ne kawai, ba ta gaya maka ta wace ƙofa ba. Shi kuwa fensir yana nuna inda ruwan ya tsaya, kuma inda ya tsaya nan ɓarakar take. Da marfin ne ke yoyo, da safe zan tarar ruwan ya sauka har bakin marfin. Abin da na tarar daban: ya sauka kamar santimita 7 ya tsaya cak, marfin yana can ƙasa cikin ruwa abinsa.

Na kira ɗana ya riƙe mini tocila. Na sake cika tankin, muka leƙa cikin bututun rarar ruwa, wannan dogon da ke tsaye a tsakiya. Shi ya fara gani. Ya ce, “Baba, ga ruwa can yana bin jikin bututun.” Siririn zare ne na ruwa, yana ƙyalli a hasken tocila, yana fitowa daga bakin ƙaramin tiyon da ke zuwa daga bawul. Na zaro tiyon a hankali na gwada tsawon da ya nutse da layin da ruwan ya tsaya da safe. Daidai wa daida.

Ranar da na sa sabon bawul, tiyon ya zo da tsawo, ga kuma ɗan maƙalin roba da ake kama shi da shi a bakin bututu. Na ga maƙalin kamar ba shi da wani amfani, na ajiye shi, na cusa tiyon can cikin bututu don kada ya fita ya fesa ruwa. Ashe da bakinsa ya sauka ƙasa da saman ruwan tanki, sai ya koma zuƙo, kamar yadda ake zuƙo mai daga tankin mota. Yana jan ruwan tanki ta cikin jikin bawul yana zubarwa a kwano, ruwa ya ragu, bawul ya buɗe ya cike, a sake komawa. Da na canza saitin ma haka na sake cusa shi da hannuna. Na yanke tiyon da almakashi, na nemo maƙalin a akwatin kayan aiki, na ɗora shi bakinsa yana sama da bututun yana kallon ciki, na daidaita ruwan ya tsaya kamar santimita 2.5 ƙasa da bakin bututu. Minti biyar bai cika ba. Ina ganin ya kamata masu yin bawul ɗin nan su buga wannan gargaɗi da manyan haruffa a jikin kwalin, ba a ƙasan wata 'yar takarda ba.

Ƙararrawar ƙofa kuwa, ita ce ya kamata in gama tun makon farko, masai ya cinye lokacinta. Ta daina bugawa, sai gurnani take yi a hankali, kuma akwatinta ya yi ɗumi da na ɗora hannu. Gurnani na nufin wuta tana bi ba yankewa, tamkar wani ya danne madannin bai saki ba, kuma idan aka bar ta haka naɗin wayar da ke ciki zai ƙone. Na kwance madannin waje na raba wayoyinsa biyu, ina sa ran shi ne ya maƙale. Gurnani bai daina ba. Taransifoma lafiyarsa ƙalau, an rubuta volt 16 a jikinsa, mitar gwajin wuta ta nuna ɗan sama da haka, wanda ba laifi ba ne idan babu kaya a kansa. Ko da yake wannan ɓangaren wutarsa kaɗan ce, ɗaya ɓangaren taransifoma wutar gida ce sosai, don haka sai da na kashe layin daga akwatin wuta na gwada na tabbatar kafin in kai sukurudireba wajen.

Da na cire wayar da ke kan kusar akwatin ƙararrawa da aka rubuta Front, wato ta madannin ƙofar gaba, na mayar da wuta, sai shiru. Na sake kashewa, na saki wayoyin madanni ta kowane gefe babu abin da suke taɓawa, na ɗora mita a kansu, ta yi ƙara: suna haɗe da juna a wani wuri cikin hanya. Na bi jikin ƙyauren da yatsa har na kai kusurwar sama, inda wani ƙaramin ƙarfen maƙale waya ya nutse cikin robar, gefensa ya yi kore. Na yanke wurin na haɗa na naɗe da salatif, mita ta yi shiru, ƙararrawa ta buga sau biyu, a na uku sandar da ke dukan ƙarfen ta tsaya a rabin hanya. Zafin da ta sha da ƙura sun sa ta nauyi. Na goge ta da busasshen tsumma, ban sa mata mai ba don mai ƙura yake tarawa, ta ɗan saki amma ba ta koma yadda take ba.

Haɗin salatif ɗin ma bai kwanta mini ba, wurin yana samun feshin ruwan sama. So nake in ja sabuwar waya tun daga akwatin ƙararrawa har ƙofa, sai dai tsohuwar ta shige bango a sama da ƙyaure, na ja ta ta ƙi motsi ko kaɗan. A yanzu na cire wayar Front na naɗe bakinta, na manna takarda a ƙofa cewa a ƙwanƙwasa. Idan cikinku akwai wanda ya taɓa zaro irin wannan waya daga bango ba tare da ya fasa filasta ba, ina son jin yadda ya yi kafin Asabar.