Layi biyu da rabi na harafin "k"

Ina aiki a wani shagon buga takardu a Samaru, ba nisa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. In lokacin miƙa furojet ya zo, ɗalibai kan yi mana cincirindo, kowa da filashinsa a hannu, kowa na rantsuwa gobe ce ranar ƙarshe. A irin wannan lokaci ne, cikin zafin Afirilu, wata ɗaliba ta dawo da aikin da na buga mata, ta buɗe babi na uku, ta ɗora yatsa a tsakiyar shafi. Layi biyu da rabi, babu komai sai harafin "k" a jere kamar tururuwa. Ta ce, "Malam, wannan kuma wane yare ne?"

Barci ɓarawo ne. Ban san lokacin da ya sace ni yatsana na danne da madanni ba, kuma na farka na ci gaba da bugawa ban duba baya ba. Maigidana bai yi faɗa ba. Ya dai cire kuɗin shafukan daga abin da yake ba ni, sannan ya tambaye ni, "Wai kai da daddare me kake yi?" Na ce babu komai, Alhaji. Ƙarya na yi.

Maimakon in amsa tambayar, sai na shiga neman magani. Na fara da goro, ni da ko a ɗaurin aure ba na ci, har haƙorana suka soma ja. Na koma wajen mai shayi, Nescafe da safe, wani bayan azahar, wani wajen ƙarfe biyar in aiki ya yi yawa. Har dabarar ɗalibai ta tsoma ƙafa cikin bokitin ruwa na gwada, abin da na samu kawai mura. Idona kam yana buɗewa, amma kaina kamar an cusa auduga. Sai in karanta layi ɗaya sau uku.

Wani ɗalibin haɗa magunguna da nake buga wa aiki shi ya warware mini. Ya ce sinadarin kafin da ke cikin goro da kofi ba ya kawar da gajiya. Akwai wani abu, adenosin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum na farke, shi ke jawo barci. Kafin yakan toshe masa hanya ne na ɗan lokaci, shi kuwa yana nan yana ƙaruwa. Kuma bayan kamar awa biyar, rabin abin da ka sha na nan a jikinka. Ashe kofin da nake sha ƙarfe biyar shi ke juya ni a kan katifa ƙarfe goma sha ɗaya.

Ranar na zauna na yi lissafin da nake gudu. Gidan kallon ƙwallo har kusan sha ɗaya. Hira a ƙofar gida. Sai waya, WhatsApp da TikTok, har ɗaya saura. Ga zafi, ga sauro, ga wuta da aka ɗauke tun magariba. Biyar da 'yan mintuna ladan ya kira salla. Awa huɗu ke nan, alhali baligi na bukatar bakwai ko fiye.

Abin da ya fi wuya shi ne wayar. Na yi alkawarin ajiye ta ƙarfe goma, na karya shi cikin kwana biyu. Daga ƙarshe sai na riƙa barinta a shago tana caji, in tafi gida da ƙaramar mai tocila. Makon farko hannuna ya yi ta lalube ƙarƙashin matashi.

Abincin rana ma na rage. Da nakan cika kwano da shinkafa da wake, a zuba manja, in bi da fura da nono mai sanyi. Wanda ya yi haka cikin zafin Zariya ya ce zai zauna gaban kwamfuta, ai ya yaudari kansa. Yanzu rabin kwano, furar kuwa sai yamma. Ko ba ka ci komai ba, jiki kan yi sanyi tsakanin ɗaya da uku na rana, haka aka halicce shi, to ina ga an ɗora masa tuwo.

Sai kailula. Na roƙi Alhaji minti ashirin bayan sallar azahar. Ya dube ni ya ce, "Kailula ai sunna ce, amma ta minti ashirin, ba ta 'yan kogo ba." Ranar farko kuwa ban sa ƙararrawa ba, na shimfiɗa tabarma bayan injin fotokwafi, sai kiran la'asar na ji. Na tashi jiki duk a mace, na fi awa guda ban dawo daidai ba. In barcin ya yi nisa, tashin ya fi gyangyaɗin muni. Tun daga nan ƙararrawa ce ke tashe ni, in yi alwala, in sha ruwa, in koma kujera.

Na kuma daina komawa barci bayan gari ya waye. Nakan tako da ƙafa zuwa shago maimakon hawa acaɓa, hasken safiya na dukan fuskata. Kofi ɗaya ya rage, na safe.

Ƙwallo ce dai ban iya bari gaba ɗaya ba. Duk daren Talatar da ƙungiyata ke wasa, na san abin da Laraba za ta zo da shi. Ran nan ba na taɓa furojet ɗin kowa bayan azahar. Nakan bar wa yaron shago kujerar, ni in koma wajen ɗinkin takardu da yankan bango, aikin da a tsaye ake yin sa.